Wutar daji: tauraro yana gani daga Yamai, amma wa zai share hanya?

Mutanen Yamai sun san abin da wuta take yi wa ciyawa. A ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a wata makaranta ta unguwar Pays-Bas, yara kimanin 20 suka rasu, yawancinsu ƴan ƙanana. A watan Nuwamba na wannan shekarar irin haka ta sake faruwa a Maraɗi, aka rasa yara fiye da 20. Sai dai akwai wata wutar ciyawar da ke ci duk shekara nesa da idon mutanen birni, a makiyayar arewa: Abalak da Cintabaradan a jihar Tawa, Barmo da Dakwaro a jihar Maraɗi, Tanut a Damagaram, har zuwa Ingal da Adarbisanat a jihar Agadas.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, shekarar da damina ta yi kyau ita ce shekarar da wuta ta fi ɓarna. Idan ruwa ya yi ƙaranci, ciyawa takan fito tsilli-tsilli, ƙasa fara a tsakani, wuta ta ci kaɗan ta mutu don kanta. Idan kuwa ruwa ya wadata, ƙarangiya da sauran ciyayi sukan haɗe su zama shimfiɗa ɗaya ta tafiyar kwanaki. Ruwa na ɗaukewa a ƙarshen Satumba, zuwa Oktoba ciyawar ta bushe ƙayau. Siririn kara ba ya riƙe laima, cikin awa guda yakan bi yanayin iskar da ke kewaye da shi. Sai hunturu ya taso daga arewa maso gabas da busasshiyar iskarsa, ya kwantar da harshen wuta a kan ciyawar da ke gaba, ya gasa ta tun kafin wutar ta iso, ya kuma kwashi tartsatsi ya jefa can gaba. A irin wannan rana wutar ciyawa tana iya tsere wa mutum mai gudu.

Mafarinta kusan kullum hannun mutum ne. Garwashin shayi da aka tashi aka bari, guntun taba da aka wurgo daga mota, mafarauci da ya sa hayaƙi a ramin gafiya, mai cin zuma, mai sharar gona da iska ta ƙwace wa wuta. Dokar gandun daji ta 2004 ta tanadi hukunci, amma kama mai laifi a dajin da ba shaida sai raƙumi ba ƙaramin aiki ba ne.

Asarar ba ta tsaya ga ranar gobara ba. Ciyawar da ta ƙone a Nuwamba ba za ta dawo ba sai ruwan Yuni ko Yuli, wato makiyayi ya rasa rumbunsa na wata bakwai ko takwas a yini ɗaya. Dole ya kora dabbobi kudu tun manoma ba su gama kwashe amfanin gona ba, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan saniya ta shiga gonar da ba a girbe ba. Rikicin da ake kai wa gaban hakimi a Disamba, wani lokaci tartsatsinsa ya tashi ne a wani daji mai nisan kilomita 200. Mai kiwon rago a gida a Yamai ma yana jin ta a aljihunsa, ranar da mai amalanken ciyawa ya faɗa masa kuɗin dami.

Ta fannin gani dai Yamai ba ta da talauci. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 a ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Sahel ta CILSS, tana nan a birnin, kuma tana amfani da hotunan tauraron ɗan Adam wajen auna yawan ciyawa da gano wuraren da wuta ke ci. Na'urar da ke kan tauraron tana jin zafin da ya fi na ƙasar da ke kewaye, sai ta sa ɗigo a taswira. Tun kafin damina ta ƙare ana iya nuna yankunan da ciyawa ta yi kauri, wato inda haɗari yake. Amma tauraron yakan ratsa sau kaɗan a yini, kuma ɗigo a kwamfuta ba ya kashe wuta. Lambar 18 ta ƴan kwana-kwana tana da amfani a cikin gari. A rugar da ke bayan Barmo, waɗanda za su fito su ne maza da mata da samari, da ɗanyun rassa da buhuna da shebur. A nan ne ake rasa rayuka, idan iska ta juya ba zato ta rufe masu kashin wuta, ko makiyayi ya koma ceton garkensa. Tsofaffi suna cewa kada a tare wutar gaba da gaba, a bi ta gefe, in ta matsa kuma a nemi wurin da ya riga ya ƙone.

Ostareliya ta koyi darasin gargaɗi da tsada. Bayan gobarar 7 ga Fabrairu 2009 da ta kashe mutum 173 a jihar Victoria, aka ƙara wani mataki mafi tsanani a ma'aunin haɗarin wuta, aka kuma fara tura saƙo kai tsaye zuwa wayoyin mazauna yankin da ke cikin barazana. Nijar tana da abin da za ta gina a kai: kwamitocin gargaɗi na ƙauyuka da ake kira SCAP-RU, gidajen rediyon karkara, da ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN. Saƙon murya da Fulatanci ko Tamashek ko Hausa da ke cewa gobe iska za ta yi ƙarfi, kada a bar garwashi, ya fi rahoto mai shafi talatin da Faransanci.

Amma a ganina babban aikin yana ƙasa, ba a sama ba. Hanyar tare wuta, wadda ma'aikatan gandun daji ke kira da Faransanci pare-feu, fili ne mai faɗin mita 15 zuwa 20 da ake sharewa tas, a ja shi kilomita da kilomita a gicciye da hanyar iska, don a yanka makiyaya gida-gida. Ana yin ta da tarakta, an fi yin ta da hannu, a biya mutanen yankin kuɗin aiki, ciyawar da aka kwashe kuma a adana ko a sayar. Dabara ce mai araha, matsalarta lokaci. Dole a gama ta a ƴan makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da bushewar ciyawa, kuma dole a sake ta kowace shekara, don damina na shafe ta. Kuɗin da ya fito daga Yamai a watan Janairu ya zama fafe gora ranar tafiya.

A gandun dajin W, kudu da Yamai, ma'aikata sun daɗe suna wata dabarar: su sa wuta da gangan a farkon rani, ciyawa na da sauran laima, ta ci sama-sama ta bar gurabe, don kada babbar wutar Maris ta samu abin ci. Wannan ya dace da can, inda gamba da sauran ciyayi masu saiwa ke sake tohowa bayan wuta. A makiyayar arewa ciyawar ta shekara ɗaya ce, daga iri take fitowa, abin da ya ƙone ya tafi ke nan. Shi ya sa a gandun dajin Gadabeji, inda aka kai raƙuman dawa takwas daga yankin Kure a 2018, babu zaɓi sai sharar hanya, kuma sai an fara ta tun ciyawa tana kore.