Gidan Bakin Gulbi na Mosko: gwamnati ta ba da makulli, gwamnati ta karɓe

A tsakiyar birnin Mosko, bisa wani tsibiri na gulbin Moskova, akwai wani ƙaton bene mai launin toka wanda yake fuskantar fadar Kiremlin. Mutanen Rasha suna ce masa Gidan Bakin Gulbi, amma sunansa na farko shi ne Gidan Gwamnati. Duk ma'aikacin da ya taɓa kwana cikin gidan da muƙami ya ba shi ya kamata ya ji tarihin wannan gini.

A shekara ta 1918 hukumomin kwaminis suka ɗauke babban birni daga Petirogirad suka maido shi Mosko. Da yake babu masauki isasshe, sai aka zuba manyan ma'aikata da iyalansu cikin otel-otel. Bayan kamar shekara goma aka yanke shawarar gina musu mazauni guda, aka ɗora aikin bisa wuyan Boris Iyofan, masanin zanen gine-gine wanda ya yi karatu a birnin Roma. An soma aiki a 1928, aka gama a 1931.

Abin da Iyofan ya gina ya fi kama da unguwa. Benen ya kai hawa 12 a wasu sassa, yana ƙunshe da gidaje 505 kewaye da farfajiya uku. Babu ado a jikin bango, sai layukan tagogi miƙaƙƙu, domin magina na zamanin suna ganin ƙawa almubazzaranci ce irin ta masu jari. Adon yana daga ciki: ruwan zafi a famfo, gas na girki, talho, na'urar ɗumama ɗaki da na'urar hawa bene, a lokacin da yawancin mutanen Mosko iyali guda ke cunkushe cikin ɗaki ɗaya. Akwai kanti, gidan waya, wurin wanki, wurin renon yara, zauren wasan kwaikwayo, da gidan silima mai suna Udarnik wanda yake ɗaukar mutum wajen 1.500.

Sai dai mai lura zai ga nufin hukuma cikin tsarin ginin. An ƙuntata madafa da gangan, don ana so mazauna su karɓi abinci daga babban ɗakin girki na gidan. Gado da tebur da kujeru duk na gwamnati ne, kowane da lambarsa, mai shiga yana sa hannu bisa takardar kaya. A ƙofofin shiga akwai masu gadi da suke lura da wanda ya zo da wanda aka zo wurinsa. Gidan kuwa na muƙami ne: wanda ya rasa kujera ya rasa makulli. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Maganar ta tabbata a 1937 da 1938, sa'ad da Stalin ya juya kan mutanensa. Motocin ƴan sandan ciki suna zuwa da tsakar dare, da safe maƙwabta su tarar an liƙe ƙofa da hatimi. Mareshal Tukaceski, wanda aka harbe a 1937, mazaunin gidan ne. Haka Alekisei Rikof, tsohon shugaban gwamnati, wanda aka harbe a 1938. Masanin tarihi Yuri Silezkin, cikin littafinsa na 2017, ya ƙidaya cewa daga mazauna fiye da 2.600 an kama ko an kori kusan 800, an kuma harbe fiye da 300. Matan da yawa aka tura su sansanin horo, wasu yara aka kai su gidan marayu, ɗakunan kuma aka miƙa wa sababbin masu muƙami.

Ɗaya daga cikin yaran shi ne Yuri Tirifonof, wanda aka kama mahaifinsa a 1937. Da ya girma ya zama marubuci, kuma littafin da ya fitar a 1976 shi ya laƙaba wa benen sunan da aka san shi da shi. A 1989 aka buɗe ƙaramin gidan tarihi a cikin ginin, inda aka tara hotuna da kayan ɗakin mazaunan farko.

Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991, aka mallaka wa mutane gidajen, suka shiga kasuwa ana saye ana sayarwa da tsada. Bangon waje yana ɗauke da allunan tunawa masu sunayen manyan da suka zauna ciki.