Ba Kowane Mai Gudun Jama'a Ne Mai Kunya Ba

A kusan kowane zangon karatu nakan ci karo da ɗalibin da ke zama a kujerar baya, ba ya tambaya, ba ya haɗa ido da kowa, kuma da an tashi shi ne na farkon ficewa. Mu Hausawa sai mu ce kunya ce, har mu yaba masa. Sai dai wani lokaci larura ce ke ƙarƙashin shirun, kuma akwai larurori biyu da ake yawan rikita su saboda kamanninsu a zahiri.

Ta farko ita ce galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, wadda Leo Kanner ya yi bayaninta a Amurka a 1943. Tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, shi ya sa alamominta ke bayyana tun ƙuruciya. Mai ita yakan sha wuya wajen gane habaici, hannunka-mai-sanda da sauyin fuska. Yakan riƙe tsari guda na rayuwa, ya ƙwallafa rai a kan abu ɗaya, kuma ƙarar injin niƙa ko hayaniyar biki na iya gigita shi.

Ta biyu ita ce larurar ƙaurace wa jama'a, wadda ta shiga kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka a 1980. Ita takan kankama ne daga lokacin balaga zuwa farkon girma. Mai ita yana gane habaici sarai, har yakan hango shi inda babu. Yana ƙishin abota, amma ya ɗauki kansa ƙasƙantacce, tsoron a kushe shi ko a muzanta shi ne ke tsare shi a ɗaki.

Muhimmancin bambancewa yana wajen taimako. Mai tsoron muzanci yana amfana da zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam, a rage masa fargaba sannu a hankali. Mai galahanga kuwa yana bukatar a yi masa magana kai-tsaye, a rage masa hayaniya, a sanar da shi sauyi tun da wuri. Tura shi cikin taro da sunan cire masa kunya azaba ce kawai. Larurorin suna iya haɗuwa a mutum ɗaya, musamman idan ya tashi cikin tsangwama.

Tantancewa aikin ƙwararru ne, irin waɗanda ke asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri. Idan za a je, a tafi da mahaifiya ko wadda ta rene shi, domin likita zai so jin yadda yake wasa da sa'o'insa tun yana ɗan shekara uku.