Alƙalin Gasa da 'Yan Ƙasarsa

Rawar kan ƙanƙara wasa ne da namiji da mace ke yi tare, sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa, suna sulɓi suna bin kiɗa. Ta shiga gasar Olamfik ta hunturu a 1976. Ba a jefa ƙwallo a raga, ba a rige-rigen isa layi. Alƙalai ne ke zuba ido su ba da maki, kamar yadda ake yi a musabaƙar karatun Alƙur'ani. Nasara tana hannun mai kallo ke nan, shi kuwa mai kallon nan yana da ƙasarsa.

Hukumar wasan ta kowace ƙasa ce ke miƙa sunayen alƙalanta ga ƙungiyar duniya, wato ISU. Sai ga alƙali zaune yana auna 'yan gidansu, alhali ɗaukakarsa tana hannun waɗanda suka turo shi. Da wuya a ga ya yi zalunci ƙuru-ƙuru. Ɗan maki ne yake ƙara wa nasa, ya ɗan rage wa abokin hamayya, abin da ba ya da yawa amma ya isa raba zinare da azurfa. Wani lokaci kuma ƙasashe kan yi ban-gishiri-in-ba-ka-manda.

A gasar Nagano ta Japan a 1998, alƙaliyar Kanada Jean Senft ta naɗi muryar alƙalin Yukren Yuri Balkov ta waya, yana jera mata yadda 'yan rawa za su zo a sakamako tun ba a kammala ba. Asiri ya ƙara tonuwa a Salt Lake City ta Amurka a 2002, a wasan bibbiyu, ɗan'uwan rawar. Alƙaliyar Faransa Marie-Reine Le Gougne ta ce an matsa mata ta fifita 'yan Rasha a kan 'yan Kanada, aka kuma yi zargin cewa ladan shi ne a taimaki 'yan rawar Faransa. Daga baya ta janye maganar, amma an dakatar da ita shekara uku, aka ba 'yan Kanada zinare na biyu.

A 2004 aka soke tsohon tsarin maki 6.0. Yanzu alƙalai tara ne, ana cire maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta a kowane sashe kafin a haɗa lissafi. Sai dai da farko an ɓoye wanda ya ba da wane maki, wai don kada a matsa wa alƙali. Wannan gurguwar dabara ce: binciken masanin tattalin arziki Eric Zitzewitz ya nuna son kai ƙaruwa ya yi. An daina ɓoyewar a 2016, kuma a 2018 aka dakatar da alƙalan Sin biyu saboda fifita 'yan ƙasarsu.

Fiƙihun Malikiyya, wanda aka koyar da alƙalai a Makarantar Shari'a ta Shahuci tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya daɗe da toshe wannan kafa: alƙali ba ya yanke hukuncin da zai amfani wanda ba a karɓar shaidarsa gare shi, kamar ɗansa ko mahaifinsa. Ba a jira sai an kama shi da son zuciya, tun farko ake ɗauke shi daga shari'ar. ISU ba ta kai nan ba. Har yanzu alƙali na iya ba 'yan ƙasarsa maki a gasar duniya.