Tuƙin Kwale-kwale a Ƙuncin Kogin Green: Wasan Da Ba Ya Yafe Ganganci

A jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, kusa da garin Saluda, kogin Green yana matsewa cikin wani kwazazzabo, ya riƙa faɗowa daga dutse zuwa dutse har ya koma farin kumfa. Nan ne gwanayen tuƙin kayak, wato ɗan ƙaramin kwale-kwalen roba mai cin mutum ɗaya, suke gwada ƙwanjinsu. Daga 1996 aka riƙa yin tsere a wurin a Asabar ta farko ta watan Nuwamba, kuma gangaren da ya fi suna shi ne wanda suke kira Gorilla.

Masana wannan wasa sun kasa wahalar ruwa mataki shida. Na ɗaya ko ɗan koyo zai bi, na shida kuwa sayar da rai ne. Manyan gangaren Green suna mataki na biyar.

Ɗan kallo tsayin gangare yake tsoro, amma matuƙi abin da ke ƙarƙashi ya fi damunsa. Idan ruwa ya zubo daga kan dutse, yakan yi rami a gindinsa, na sama ya juyo baya yana ta birkima, ya riƙe kwale-kwale da mai shi. Ga shi ruwan kumfa cike yake da iska, ba ya ɗaga jiki sosai. Akwai kuma itacen da ya faɗi ya gitta rafi: ruwa ya wuce ta tsakanin rassa, mutum ya maƙale kamar tsaki a rariya.

Shi ya sa gwani ba ya shiga shi kaɗai, kuma ba ya rabuwa da hular kwano da rigar hana nutsewa. Kafin gangare mai haɗari sai ya fito gaɓa ya duba hanya, abokinsa ya tsaya ƙasa da igiyar ceto a hannu. In kwale-kwale ya kife, da filafili da murɗa ƙugu zai miƙe ba tare da ya fita ba.

Sanin jiya ma ba ya wadatarwa. A Satumban 2024 ambaliyar guguwar Helene ta gusar da manyan duwatsu, ta sauya fasalin ƙuncin Green, dole tsoffin hannu suka koma karatun ruwan daga farko. A wannan fage, wanda ya duba ya ga ba hali, ya saɓi kwale-kwalensa ya zagaya ta tudu, bai yi abin kunya ba. Shi ne ya san ruwa.