Ƙwayar Jinin da Ke Komawa Lauje

Ya kai ɗalibi, ka san irin yaron nan mai amosanin jini, wanda da hunturu ya shigo sai ya kwanta yana kukan ciwon ƙashi? Ko a Tambuwal kake ko a Kebbe, da wuya a ce ba ka taɓa ganinsa ba. Wasu su ce mayu ne, wasu su ce iska. To, matsalar tana cikin jininsa ne, inda ido ba ya kaiwa sai da madubin likita.

Jar ƙwayar jinin lafiyayye kamar ƴar waina take, ga laushi, tana lanƙwasa ta ratsa siraran hanyoyin jini, kuma takan yi kwana 120 tana aiki. A cikinta akwai himogulobin, mai dakon iskar oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi. Shi kuwa mai sikila, da zarar himogulobin ɗinsa ya sauke iskar, sai ya manne wa juna ya zama dogayen sanduna, su miƙe ƙwayar ta koma kamar laujen girbi. Daga nan ta ƙage, ta toshe hanya, naman wurin ya rasa iska. Zafin da yaron ke ji ke nan. Irin wannan ƙwaya ba ta cika wuce kwana 20 ba, shi ya sa jini ba ya isarsa, idonsa ya yi ɗorawa. Sanyi da ƙishirwa da zazzaɓi duk suna tayar da ciwon.

Abin mamaki, duk wannan wahala kuskure ɗaya ne ya jawo ta. A 1957 Vernon Ingram ya nuna a Ingila cewa tamkar carbi ne mai ƙwaya 146 aka musanya ƙwaya guda. Kafin nan, a 1954, Anthony Allison ya gano cewa mai AS ya fi jure wa zazzaɓin cizon sauro, dalilin da ya sa gadon ya yawaita a ƙasashen sauro irin tamu.

Yau masu bincike sun fi karkata ga himogulobin na jarirai, wanda ke hana wannan mannewa. Maganin hydroxyurea yana ƙara shi. A 2023 kuma Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, mai gyara ƙwayoyin ɓargo, amma kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Ina mai hatsi zai samo su?

Gwaji kam ba ya kai haka. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zama SS, ko da ƴaƴan farko sun fito lafiya. Jihar Kano ma ta wajabta gwajin kafin aure a 2024.