Wa Ya Yi Kisa? Alƙalai da 'Yan Kallo a Karon Battar Mawaƙan Gambara

A fagen dambe ba a cika jayayya kan wanda ya yi nasara ba. Da zarar hannu ko gwiwar ɗan dambe ta taɓa ƙasa, an yi kisa, kowa kuma ya gani da idonsa. Idan an gama turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a raba su babu kisa. Karon battar mawaƙan gambarar zamani, wanda ake kira battle rap a Amurka, ya yi kama da dambe ta fuskoki da dama: mutum biyu a tsakiyar taro, turmi uku a mafi yawan lokuta, kowa na neman kunyata abokin karawarsa da zambo da habaici da azancin magana. Sai dai a nan ba mai faɗuwa ƙasa. Shi ya sa tambayar wa ya yi kisa take hana masu bibiyar wannan fanni barci, ni ma ina cikinsu.

Tushen gardamar ya daɗe. A Disambar 1981, a gidan rawa na Harlem World da ke New York, Kool Moe Dee ya hau dandali ya fuskanci Busy Bee kai tsaye, ya kira sunansa, ya tsefe salonsa na tayar da taro da shewa. Kaset ɗin wannan dare ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, kuma daga nan aka fara auna mawaƙi da nauyin abin da ya faɗa wa abokin hamayyarsa, ba da yawan sowar da ya tayar kaɗai ba. Har yau waɗannan ma'aunai biyu, sowar taro da nauyin magana, su ke jan igiya a kowane karo.

Masu shirya gasa sun rabu gida biyu. Kamfanin URL na Amurka, wanda Smack White ke jagoranta, ya shahara da barin yawancin manyan karawarsa babu alƙali. A gama, a watsa bidiyo, jama'a su yanke hukunci. Misalin da ya fi fito da amfanin wannan tsari shi ne karon Loaded Lux na Harlem da Calicoe na Detroit a taron Summer Madness 2, a Agustan 2012. Lux ya shigo da akwatin gawa da tawagar masu makoki, alamar ya zo binne abokin karawarsa, amma a turmin farko baitocinsa suka kwance masa, ya kasa kammalawa. A ƙa'idar wannan wasa, mantuwa ita ce laifi mafi girma. Da ya kai turmi na uku kuwa, sai ya ajiye zambon da aka saba, ya yi wa Calicoe doguwar magana kan mahaifinsa da irin tarbiyyar titi da ke kai 'ya'yan baƙaƙen fata kurkuku. Zauren ya ruɗe. Akasarin masu kallo sun ba Lux nasara, magoya bayan Calicoe kuwa har gobe suna cewa wanda ya manta baitinsa bai cancanci kambi ba. Da an sa alƙalai masu lissafin turmi da turmi, da an rufe maganar a daren. Rashin hukunci ne ya sa ake ta komawa ga bidiyon fiye da shekara goma, wannan kuma riba ce ga masu shirya taron.

Ɗaya gidan kuwa ya yarda da alƙalanci. A Agustan 2017, a wata mashaya da ke birnin Saint Petersburg na Rasha, Oxxxymiron, wanda ya karanci adabin Ingilishi a Jami'ar Oxford kuma ba a taɓa kayar da shi a gasar Versus ba, ya kara da Slava KPSS. Oxxxymiron ya zo da zurfin karatu, har ya gina turminsa na ƙarshe kan nazarin jarumta a tatsuniyoyin duniya. Slava ya zo da zambo tsirara, yana caccakar kundin waƙoƙin abokin karawarsa da yadda yake ɗaukar kansa. Alƙalai biyar duka suka ba Slava. Miliyoyin mutane sun kalli bidiyon cikin kwana guda, jaridun ƙasar suka yi ta sharhi. A ganina alƙalan sun yi daidai. Karon batta ba lacca ba ce. Wanda ya zo ya burge mu da iliminsa amma bai taɓa jikin abokin karawarsa ba, kamar ɗan damben da ya yi ta kirari ne bai kai naushi ba.

Amma sa alƙalai bai kashe gardama ba, ya dai sauya mata wurin zama. A ƙasashen da ke magana da Sifaniyanci, inda ake ƙirƙirar baitoci nan take a kan kiɗa, gasar Red Bull Batalla da aka fara a 2005 ta zama gagarabadau. A wasan ƙarshe na duniya na 2017 a birnin Meksiko, Aczino ɗan Meksiko ya doke Wos ɗan Ajantina. A 2018 suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe a Buenos Aires, Wos ya yi nasara. Kowa ya ci a gidansu. Masu zargi suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, sowar dubban 'yan gida ce ta rinjayi alƙalai. Masu kallon wannan gasa suna da kalmar da suke jifan alƙalai da ita, tongo, wato an yi maguɗi, kuma takan cika shafukan sada zumunta duk lokacin da gwanin wani ya faɗi. Gasar FMS da aka fara a Sifaniya a 2017 ta nemi magani ta hanyar ba kowace gaɓar baiti maki, idan ratar ta yi kaɗan a ƙara turmin raba gardama. Duk da haka zargin bai ƙare ba, domin lambar da alƙali ya rubuta ma daga ra'ayinsa ta fito.

To me ya kamata alƙali ya duba? Ni dai abu huɗu nake aunawa. Na farko, ginin magana: amsa-amo mai gaɓoɓi da yawa, harshen damo, da yadda ake shimfiɗa zance kafin a saki naushi a ɗangon ƙarshe. Na biyu, ko zambon ya dace da wanda ke tsaye a gaba, ko kuwa riga ce da za a iya sa wa kowa. Na uku, martani nan take, wanda ke nuna mawaƙi yana sauraro, ba haddarsa kaɗai yake jira ya sauke ba. Na huɗu, isar da saƙo ba tare da tuntuɓe ba. Wannan na ƙarshe shi ne kaɗai abin da ya yi kusa da faɗuwa ƙasa. A Yunin 2012 a Los Angeles, lokacin da Canibus ya zaro takarda yana karanta baitocinsa a gaban Dizaster, ba wanda ya jira alƙali ya faɗi sakamako.

Sowar taro shaida ce, amma shaida ce mai son kai. Wanda ke cikin zaure yana jin zafin lokacin, sai dai baiti mai zurfi kan wuce shi cikin hayaniya. Mai kallo a waya yana da damar maimaitawa har ya gano ma'anar da aka ɓoye, amma bai san yadda tsoro ya kama mawaƙi a gaban jama'a ba. Don haka ake samun karon da wani ya ci a zaure, wani ya ci a bidiyo. Alƙalin da ya bi sowa ya zama ɗan kallo mai kujera a gaba kawai.

Matasanmu da ke bibiyar waɗannan karawa a YouTube, musamman ɗalibai masu sha'awar shirya irinsu da Hausa, ba baƙin zambo da habaici ba ne, domin makaɗan fada da 'yan gambara sun daɗe da su. Shawarata gare su uku ce. A bayyana ma'auni kafin a fara, kowa ya san abin da ake nema. Adadin alƙalai ya zama mara, kuma kada a ɗauko su daga unguwar ɗaya daga cikin masu karawa. Sannan kowane alƙali ya faɗi dalilinsa a bainar jama'a, turmi bayan turmi, domin hukuncin da ba a yi bayaninsa ba shi ke haifar da zargi. Magoya baya kuwa suna da haƙƙin musu, musun ma shi ke raya wasan. Amma wanda zai ce an zalunci gwaninsa, to ya kawo baitin da alƙali ya tsallake, ya nuna mana inda naushin ya sauka. Zagin alƙali da iyayensa ba hujja ba ce, kuma idan ya yawaita, mutanen kirki za su daina karɓar kujerar, a bar ta ga waɗanda za su bi duk inda ihu ya fi ƙarfi.