Abin Da Ke Sa Lambobin Arduino Rawa

Duk wanda ya haɗa maɓallin murɗawa, wato fotenshiyomita, da allon Arduino Uno ya san matsalar: ba a taɓa komai ba, amma lambar da allon ke karantawa tana ta hawa da sauka. Allon yana kasa bolt 5 gida 1,024, saboda haka ɗan motsin wuta kaɗan ya isa ya sauya lambar.

Kafin a sayi sabon allo, a gajarta wayoyi, a zaɓi maɓalli mai om 10,000, a sanya kafasita 0.1µF tsakanin ƙafarsa ta tsakiya da GND. Sannan manhajar ta riƙa ɗaukar matsakaicin karatu 16, ko da hakan zai ɗan jinkirta amsa.